Kwamfutar gem ta hannu: ba rubutun Core i7 ake saya ba

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da na ga yana cin kuɗin samarinmu, wato sayen kwamfuta ta hannu, tokumbo ɗin nan, don buga gem.

Ƙanena ne ya yi wata biyar yana zubin adashi da ɗan abin da yake samu a shagon POS, burinsa kawai ya samu kwamfutar buga ƙwallo, FIFA ɗin da aka mayar EA Sports FC tun 2023. Ya je wani shago, mai shagon ya nuna masa sitika ya ce kai ai wannan Core i7 ce (sunan firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, na kamfanin Intel), an yi mata gyaran kamfani, ba gem ɗin da ba za ta ɗauka ba, yaro ko ni bai kira ba ya tura kuɗi ya ɗoro ta a ɗan sahu. Da dare muka samu wuta muka kunna, wallahi 'yan wasa tafiya suke kamar masu ratsa taɓo, ka danna fasin sai ka ƙirga uku kafin ƙwallo ta bar ƙafa, fanka kuma tana ta kuka kamar injin markaɗe.

Da safe muka kai wa abokina mai gyara. Yana duba lamba ya yi dariya, i7-3770 ce, ta 2012. Shi ya fahimtar da mu cewa lambar da ke bin i7 ita ce magana, 3 ɗin farko na nufin zubi na uku, kuma i5 na zubi na goma ya fi ta nesa ba kusa ba. Babbar matsalar ma ba ta da katin girafik, wato mai sarrafa hoton gem, nata na kanta, ɗan na cikin firosesa ne kawai, wanda aikin ofis aka yi shi don shi. Yawancin irin waɗannan, su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, kayan ofisoshin Turai da Amurka ne da suka gama wa'adi aka kwaso su a kwantena. Suna da ƙarko gaskiya, ban raina su ba, amma don taifin da lissafi.

Gyaran kamfanin kuwa, yana kwance murfi ƙura ta turnuƙe mu, man da ake shafa wa firosesa ya bushe ƙamas kamar tsohon fenti. Goge jiki aka yi da tsumma aka sa sabuwar leda, shi ke nan.

Muka ce to a ƙara mata kati, nan ma wani aikin, akwatin siriri ne ga fawa sufulai ɗin, mai raba wa kayan ciki wuta, ba ƙarfi, sai ƙaramin kati irin GTX 1650 mai gajeren jiki wanda ba ya neman wayar wuta daban. Aka yi mana tallan katin RX 580 da araha, abokina ya ce mu bi a hankali, da yawansu sun yi shekaru ba dare ba rana suna haƙar kirifto, sai da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina haƙa da kati a Satumbar 2022 aka zubo su kasuwa. Ga kuma Windows 10 da Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025, ita Windows 11 daga zubi na takwas take farawa a Intel, kenan tamu an bar ta a tasha.

Ni roƙona ga matasa, in za ka saya ka tafi da wanda ya san kan abin, ka tafi da gem ɗinka a filashi, a kunna a gabanka a buga ko minti talatin ne ka taɓa jikinta ka ji zafin, don wadda ta yi zafi a shago mai fanka me za ta yi a ɗakinka a watan Afrilu? A buɗe manhajar GPU-Z a ga katin na gaske ne, don akwai masu canja wa tsohon kati suna, manhajar CrystalDiskInfo kuma za ta nuna maka awa nawa had disk ɗin, ma'ajiyar bayanai, ya yi yana aiki. Garanti a rubuta shi a rasit, ba na fatar baki ba, mu da muka koma cewa aka yi kaya ya fita ya fita.

Kai ma Malam Edita da za ku riƙa taɓo irin wannan a shafinku na kimiyya da an rage asara. Ita dai kwamfutar tana nan a falo, ƙanwarmu ke koyon taifin da ita, shi kuma ƙanen nawa ya sake shiga wani adashin.

Naka mai karatu kullum,
daga Kano