Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gilbert Houngbo, Babban Daraktan Ƙungiyar Ƙwadago Ta Duniya: Wa Zai Koya Wa Yaran Kafintoci Aiki?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni kafinta ne, kuma na rubuto ne kan yadda alƙaluman ƙungiyarka suka ajiye mu a sahun waɗanda babu abin da zai same su, alhali muna ji a jikinmu. A watan Agustan 2023 masu bincikenku suka fitar da rahoto kan ƙirƙirarriyar basira, suka ce galibin ayyuka taimakonsu za ta yi, ba za ta ƙwace su ba, kuma ma'aikatan ofis, musamman akawu da sakatarori, su ne a bakin wuta. A 2025 kuka sabunta binciken, kuka ce ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu a duniya yana irin aikin da wannan fasaha za ta iya taɓawa. A duka biyun, mu masu aikin hannu muna can ƙasan jadawali, hankali kwance. Mun gode da wannan albishir. Wato tunda manhajar da ke rubuta wasiƙa ba za ta iya riƙe guduma ba, shi ke nan mun tsira.

Ban ce binciken ƙarya ba ne. Abin da ya auna daidai ya auna shi. Sai dai ya tsaya a kan manhaja ita kaɗai, mu kuwa abin da ke cin mu shi ne manhaja idan an haɗa ta da injin. Yau mai son kabad ɗin kicin yana zaɓar fasali a allon kwamfuta, manhaja ta fitar da awo, ta lissafa yadda za a yanka allon katako ba tare da asara ba, ta tura wa injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa. Injin ya yanka, ya huda, ya liƙa baki, ya manna wa kowane yanki lamba. A aikin rufi ma haka ne. Injinan kamfanoni irin su Hundegger na Jamus suna karɓar gungumen katako ta wannan gefe su fitar da shi ta wancan, an fafe gurbi an fere kai, sai haɗawa kawai. A jami'ar ETH ta Zurich an riga an nuna hannayen mutum-mutumi suna yanka katako suna jera shi da kansu domin ginin da aka kira DFAB House. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya ɗauki yanki mai lamba bakwai ya ɗaura shi a jikin mai lamba takwas. Rajistar ma'aikata za ta ci gaba da kiransa kafinta, alƙalumanku su ce ba a rasa aiki ko ɗaya ba. Amma ladansa ya koma na lebura, kuma kowa zai iya maye gurbinsa gobe da safe.

Wannan ma ba shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Yaran ne. Ka duba ayyukan da injin ya fara ɗauka: awo, jan layi, yanka, gogewa, huda, fafe gurbi. Su ne dai ayyukan da ake ba yaro idan ya zo koyo. Da su hannunsa ke faɗawa. Yana yanka falanki ya karkace, a sa shi ya sake, har ranar da zarto zai bi layi ba tare da ya yi tunani ba. A nan yake gane wane katako ne ya bushe, wane ne zai murɗe bayan wata uku, ta wace fuska zai tsage idan aka buga masa ƙusa kusa da baki. Babu wanda ke koyon wannan a takarda. Kuma maigida yana riƙe yaro ne saboda ƙananan ayyukan nan suna rage masa wahala, su ne kuɗin makarantar yaron. Ranar da injin ya ɗauke su, yaro ya zama nauyi, sai a daina ɗauka. Ba za ka ga an sallami kowa ba, ba za a yi zanga-zanga ba, jarida ba za ta buga ba. Sai bayan shekara ashirin a nemi wanda zai gyara tsohon rufi ko ya daidaita ƙyaure a bangon da ya karkace, a rasa.

Idan ana son ganin ƙarshen wannan hanya, a dubi Japan, ƙasar da duniya ta sallama wa a aikin katako. A 1980 ƙidayarsu ta nuna kafintoci sama da 900,000. A 2020 ba su kai 300,000 ba, kuma kaso mai yawa daga cikinsu sun haura shekara sittin. A tsakanin nan ne yankan katako ya koma masana'anta, har ya zama sama da kashi 90 cikin ɗari na gidajen da ake ginawa da ginshiƙan katako a can, injin ne ke fere musu mahaɗa kafin su iso wurin gini. Na san za a ce tsufan al'umma da ƙarancin lada su ma sun taka rawa, kuma injin ya zo ne ya cike gurbin hannayen da suka yi ƙaranci. Gaskiya ne. Amma ya cike gurbin ta hanyar da ta rufe ƙofar koyo. A shekarar 2020 ɗin nan dai UNESCO ta sa fasahar Japan ta kula da gine-ginen katako a jerin kayan gadon da ya kamata a adana. Karramawa ce, amma ni idan na ji an fara adana sana'a, gabana faɗuwa yake yi.

Ranka ya daɗe, kai ba baƙo ba ne a wannan gida. Ka yi mataimakin babban darakta daga 2013 zuwa 2017, ka dawo ka karɓi ragama a watan Oktoban 2022, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar. Ka san abin da aka rubuta a 2019, lokacin cikar ƙungiyar shekara ɗari. Kwamitin da shugaban Afirka ta Kudu Cyril Ramaphosa da firaministan Sweden na lokacin, Stefan Löfven, suka jagoranta ya nemi a ba kowane mutum haƙƙin koyo tsawon rayuwarsa, ya kuma ce ɗan Adam ne zai riƙe linzamin fasaha. Kun amince da sanarwar da ta sa mutum a tsakiyar makomar aiki. A Yunin 2023, a gabanka, babban taro ya zartar da Shawara ta 208 kan ingantaccen koyon sana'a, wadda ta yi maganar rubutacciyar yarjejeniya da biyan mai koyo da kare lafiyarsa. Takarda ce mai kyau, na karanta ta. Tambayata ɗaya: yarjejeniya da wa, idan babu maigidan da ke buƙatar yaro? Shawarar ta tsara yadda za a riƙe mai koyo da mutunci, ba ta ce komai ba kan ranar da aikin da zai koya da shi ya ƙare. Ga shi kuma shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowace gwamnati ba, iyakarta a miƙa wa majalisa a ajiye.

Kada a ce ba a yi gargaɗi ba. Tun 2013 wasu masu bincike biyu, Frey da Osborne na jami'ar Oxford, suka ƙiyasta yiwuwar injin ya karɓe aikin kafinta a kashi 72 cikin ɗari, na masu kabad da kayan ɗaki kuwa kashi 92. An soki lissafinsu, kuma masu sukar suna da hujja. Kamfanin Katerra na Amurka, wanda ya yi alƙawarin mayar da gini aikin masana'anta, ya durƙushe a 2021 bayan ya laƙume sama da dala biliyan biyu. Wurin gini ba shi da tsabtar masana'anta, ga laka, ga bangon da bai miƙe ba, ga mai gida da ke sauya ra'ayi. Wannan ya ba mu lokaci. Lokacin nan ne nake roƙo kada a ɓata shi wajen yi mana ta'aziyya da jadawali.

Don Allah, ka sa a yi bincike na musamman kan sana'o'in katako da gini, wanda zai ƙirga yawan masu shiga koyo da abin da ake biyan mai haɗa kayan da injin ya yanka, maimakon yawan masu amsa sunan kafinta. Ka kira taron ɓangarori uku a Janeba, gwamnatoci da masu kamfanoni da ma'aikata, ka gayyaci ƙungiyar ma'aikatan gini da katako ta duniya, BWI, wadda ofishinta ke gari ɗaya da naka. A tattauna yadda kamfanin da ya sayi injin zai ɗauki nauyin horar da yara, da yadda ƙananan kafintoci za su haɗa kai su mallaki injin ɗaya, su koyi zane da sarrafa shi da kansu. Ba mu ce a fasa injin ba. Zarton lantarki ya zo mun karɓa, wannan ma za mu karɓa idan an bar mu mu riƙe shi.

Akwai batun mutum biliyan biyu da rahotonku na 2018 ya ce suna aiki ba rajista ba inshora, kuma yawancin kafintocin duniya a cikinsu suke, ba su da ƙungiyar da za ta kai kukansu. Akwai ƙurar allunan da ake haɗawa da gam, wadda ke cin huhu. Waɗannan sai wata wasiƙar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma mun nuna wurin. A taron 2025 kun fara tsara ƙa'ida domin direbobi da masu kai saƙo da manhaja ke juyawa, mun kuma yi murna da hakan. Muna son ganin koyon sana'ar hannu a zamanin injin cikin ajandar Hukumar Gudanarwar ƙungiyarku a zamanta na gaba, da sunan wanda aka ɗora wa aikin da ranar da zai kawo rahoto.

Na gode. Ka huta lafiya.

Wani kafinta, a madadin yaran da ke neman wurin koyo.