Ɗana ya hana jikana addu'ar mala'ika mai tsaro

Zuwa ga Fada mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinka duk ranar Lahadi da yamma, amma ban taɓa zaton ni ma wata rana zan ɗauki biro ba. Ina roƙo a sakaya sunana, domin magana ce ta cikin gida, kuma wanda ta shafa ɗan fari ne, ko a baki ba na kama sunansa, balle a rediyo.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya. Asalinmu daga wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, kuma kakannina Maguzawa ne. Mahaifina ya karɓi baftisma yana saurayi, zamanin da fadannin Dominikan suke yawon ƙauyukanmu, muna ƙarƙashin bishop ɗin Katolika na Sakkwato a lokacin, tun kafin a ba Katsina tata diyosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, a 2023. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma akwai addu'a guda da ba ta taɓa bari mu kwanta ba mu yi ba, wato addu'ar mala'ika mai tsaro. Gajeriya ce, ka san ta. Muna roƙon mala'ikan da Allah cikin ƙaunarsa ya danƙa mu gare shi ya haskaka mana, ya tsare mu, ya bi da mu. Sai ta shafa mana alamar gicciye a goshi, ta hure fitilar ƙwai. Haka na tashi, haka na koya wa 'ya'yana biyar, har da shi wannan da nake magana a kansa, wanda ya riga kowa haddace ta.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Yana dawowa daga kasuwa da yamma 'yan bindiga suka tare hanya suka buɗe wa motarsu wuta. Mutum ne da ba ya sa ƙafa a mota sai ya yi alamar gicciye ya yi wannan addu'a, kuma na tabbata ranar ma ya yi. Bayan jana'iza ɗana ya koma Kaduna inda yake aiki, a hankali ya daina zuwa Mas, wato sujadarmu ta Katolika, daga baya na ji ya shiga wata ikilisiya ta daban shi da matarsa. Na ji zafi, amma ban tsine ba, ban yi fushi ba. Yana karanta Littafi Mai Tsarki fiye da da, ya bar wasu halaye da nake yi masa faɗa a kansu, kuma bai taɓa fasa aiko mini da abin masarufi ba. Wannan shaida ce da dole in ba shi.

Abin da ya sa na rubuto ya faru ne a hutun damina da ya wuce. Sun kawo mini jikana, ɗan shekara shida, wanda nake kira maigidana, ya yi mako uku a wurina. Da dare na durƙusar da shi na koya masa addu'ar, kamar yadda aka koya mini. Kafin kwana huɗu ya iya. Ranar da uban ya zo ɗaukarsa, yaron cikin murna ya karanta masa. Fada, na ga fuskar ɗana ta canza. Bai ce komai ba sai da yaron ya yi barci, sannan ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Mama, don Allah kada ki sake koya masa wannan. Ba ma addu'a ga kowa sai Allah."

Ya buɗe mini wasiƙar Bulus zuwa ga Kolosiyawa, sura 2 aya 18, inda aka yi gargaɗi a kan masu yi wa mala'iku sujada. Ya nuna mini ƙarshen Ru'ya ta Yohanna, sura 22, inda Yohanna ya faɗi a gaban mala'ika, mala'ikan ya hana shi, ya ce masa shi ma abokin bauta ne, Allah kaɗai za a yi wa sujada. Ya kawo 1 Timoti 2:5, cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Ya rufe da Markus 7, inda Yesu ya tsawata wa waɗanda suka bar umarnin Allah suka riƙe al'adun mutane.

Ni ma ba a baya nake ba, na yi shekara goma sha biyu ina taimaka wa katikis koyar da yara. Na ce masa ai Yesu da bakinsa ya faɗa a Matiyu 18:10 cewa kada a raina ƙananan nan, domin mala'ikunsu a sama kullum suna ganin fuskar Uba. Na tuna masa Zabura 91, da Ibraniyawa 1:14 da ta kira mala'iku ruhohi masu hidima da ake aikowa saboda waɗanda za su gaji ceto. Na ce masa ban taɓa yi wa mala'ika sujada ba, kuma roƙon da nake yi bai wuce irin wanda nake yi wa 'yan'uwana a Zumuntar Mata ba, in na ce su sa ni a addu'a. Na so in kawo masa labarin Rafayel da ya raka Tobiya a tafiyarsa, sai ya ce littafin Tobit ba ya cikin nasa Littafin, nasa littattafai 66 ne a ciki, namu na Katolika 73. A nan na gane ba a kan tabarma ɗaya muke zaune ba.

Da a nan muka tsaya, da ban dame ka ba. Amma ya faɗi abu biyu da har yau suke hana ni barci.

Na farko, ya ce, "Mama, kakarki 'yar bori ce. Tana da iskanta, tana kiransa, tana neman tsarinsa. Ku dai kun canza masa suna ne kawai." Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na san kakata, na rayu da ita. Na ga ana yanka kaza mai launi na musamman a gindin tsamiya, na ji ana kiran Inna da Sarkin Rafi da garaya, na ga yadda ake tsoron iska in an saɓa masa, domin yana iya sa wa mutum ciwo. Mahaifina ya sha duka da kora kafin ya rabu da wannan. Mala'ikan da uwata ta koya mini ba ya cin kaza, ba ya hawa kan kowa, ba a yin ciniki da shi, kuma ba ya yin komai sai abin da Allah ya aiko shi. A kaina na san bambancin sarai. To amma akwai abin da ban gaya wa ɗana ba. Ina yarinya na raɗa wa mala'ikana suna, ina kiransa da shi a ɓoye har na girma. Sai da wani fada ya ja mana kunne a wani taron mata, ya ce takardar da Roma ta fitar a 2001 kan ibadun jama'a ta ce a guji sa wa mala'iku suna, ban da Mika'ilu da Jibra'ilu da Rafayel waɗanda sunayensu suke cikin Littafi, sannan na daina. Tun daren nan nake tambayar kaina, me ya sa na ji ina bukatar suna? Ko dai akwai ɓurɓushin gidan kakata a zuciyata ban sani ba?

Kalmar al'ada ma tana ba ni wahala. A bakinmu, in aka ce al'ada, har da bori da camfi da abin da ake yi wa mai jego duk sun shiga. In na ce wa ɗana wannan addu'a al'adar Ikilisiya ce, abin da kunnensa yake ji daban, abin da nake nufi daban. Ni ina nufin abin da masu bi suka miƙa wa juna hannu da hannu, irin wanda Bulus ya ce wa Tasalonikawa su riƙe, ko ta baki aka koya musu ko ta wasiƙa. Na san Waliyi Basil, tun ƙarni na 4, ya koyar cewa kowane mai bi yana da mala'ika a gefensa, mai tsaro kuma makiyayi, kuma Katikizim na 1992, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, ya maimaita maganarsa a sakin layi na 336. Na san Fafaroma Kilemen na 10 ne ya tsayar da 2 ga Oktoba ta zama idin mala'iku masu tsaro ga dukan Ikilisiya a 1670. Amma ɗana ya ce daɗewar abu ba ta mai da shi gaskiya, bori ma ai ya daɗe. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Maƙwabciyata Musulma, da muka fi shekara ashirin muna ɗebo wuta a gidan juna, ta ce su ma sun yi imani akwai mala'iku masu tsaron mutum gaba da baya da umarnin Allah, sai dai ba sa roƙonsu. Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali, amma sai na ji maganarta ta fi kusa da ta ɗana.

Na biyu shi ne wanda ya fi ciwo. Da zai tashi, muryarsa na rawa, ya ce, "Ina mala'ikan Baba yake ranar nan?" Ban iya cewa uffan ba. A nan na gane duk ayoyin nan da ya jero, ƙarƙashinsu yaro ne da aka kashe masa uba. Bayan sun tafi na buɗe Ayyukan Manzanni sura 12, wadda nake ƙauna saboda mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, har da ya ƙwanƙwasa ƙofa Roda ta sanar, mutanen gidan suka ce mala'ikansa ne. Sai idona ya faɗa kan farkon surar, wurin da na saba wucewa da sauri: Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Sura ɗaya, manzanni biyu, an fitar da ɗaya, an sare ɗaya. Yakubu ba shi da mala'ika ne? Na yi kuka a kan wannan shafi har gari ya waye. Zuciyata tana gaya mini mala'ikan maigidana bai gudu ba, yana tare da shi a bakin hanyar nan, kuma shi ya raka shi gida. Ina so in san ko wannan koyarwar Ikilisiya ce, ko kuwa lallashin kai ne irin na matar da mijinta ya mutu.

Yanzu ga inda nake. Surukata ta kira ni a asirce ta ce yaron yana yin addu'ar shi kaɗai a ƙarƙashin bargo, ya kuma tambaye ta ko Kaka ta koya masa zunubi ne. Wannan tambaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Za su zo Kirsimeti, kuma na san daren farko zai zo ya durƙusa kusa da ni yana jira. Wasu a zumuntarmu sun ce in ci gaba a ɓoye, ai ni na haifi uban. Ni kuwa ba na so in koya wa yaro ɓoye wa ubansa abu, ko da abin addu'a ne. Amma in na yi shiru, ji nake kamar igiyar da ta taso daga hannun uwata a hannuna za ta tsinke.

Fada, ka ba ni shawara. In bi umarnin ɗana tun da shi ne uban yaron, in riƙa yi wa jikana addu'ar a zuciyata kawai? Ko akwai yadda zan juya ta, mu roƙi Allah kai tsaye ya aiko mala'ikansa ya tsare mu, yadda ba zan saɓa wa ɗana ba kuma ban yi musun bangaskiyata ba? In na yi haka, na rage wani abu daga abin da Ikilisiya ta ba ni? Yaya kuma mutum irina, jikar Maguzawa, zai gane inda ibada ta tsaya da inda camfi ya fara? Sannan ka taimake ni da kalmomin da zan faɗa wa ɗana game da ubansa, domin tun daren nan gaisuwa kawai muke yi a waya, kowa yana kewaya maganar.

In zai yiwu a karanta amsar kafin Disamba, zan gode ƙwarai.

Taka cikin Kristi,
Wata uwa daga ƙasar Malumfashi