Zuwa ga Abba, kan maganar lasisin dillancin gidaje

Abba, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mu a nan Kaduna sai godiyar Allah.

Na ga sunayen makarantun da ka turo kana tambaya wacce za ka shiga. Ba zan zaɓa maka ba, amma ga yadda za ka tace su. Ka fara buɗe shafin Department of State na jihar New York, wato hukumar da ke ba da lasisin, ka duba jerin makarantun da hukumar ta amince da su. Wadda ba ta ciki, ko kyauta take koyarwa, takardarta ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka kuma tabbata kwas ɗin na New York ne, domin a Amurka kowace jiha da nata lasisin da nata sharuɗɗan. A Texas sai mutum ya yi awa 180. A wurinku awa 77 ne. Lokacin da na yi nawa a Bronx awa 45 ne kacal, a 2008 aka mai da shi 75, a 2022 kuma aka ƙara biyu.

Duk makarantar da aka amince da ita manhajar jiha ɗaya take bi, saboda haka tsada ba ita ce ilimi ba. Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke koyarwa: ko ka zauna a aji gaban malami, ko ka yi ta intanet a lokacin da ka ga dama. Na intanet ya fi araha, kuma ya fi dacewa da mai aikin dare irinka. Sai dai na san ka tun kana firamare, ba ka buɗe littafi sai an tsaya a kanka. In har yanzu halin yana nan, ka biya ƙarin kuɗin ka shiga aji, ko wanda malami ke koyarwa kai tsaye ta bidiyo a ƙayyadadden lokaci. Kafin ka ba da ko sisi, ka tambaye su wata nawa suke ba mutum ya gama kafin kuɗinsa ya ƙone, da inda ake zana jarrabawarsu ta ƙarshe, da ko kuɗin mai sa ido a jarrabawar yana cikin abin da ka biya. In wani ofishin dillalai ya ce zai biya maka karatun, ka karanta takardar da kyau, don yawanci akwai sharaɗin yi musu aiki a ciki.

Jarrabawa biyu ce, kada ka ruɗe. Akwai ta makaranta, akwai ta jiha. Ta jihar za ka yi rajistarta ne ta eAccessNY, shafin intanet na hukumar, dala 15, ka je da kanka da katin shaida mai hoto. Tambayoyi ne na zaɓi amsa, awa ɗaya da rabi, ana neman kashi 70 cikin ɗari. Ba za su gaya maka makinka ba, sai dai ka ci ko ka faɗi. Shawarata ka sa ranar da zarar ka gama kwas, tun karatun bai huce ba.

Lissafin kada ya tsorata ka. Kaso ne na la'ada, da raba haraji tsakanin mai saye da mai sayarwa, da faɗin fili. Ka haddace cewa eka ɗaya ƙafa 43,560 ce a murabba'i. Za ka ci karo da tambayoyin bashin banki na sayen gida da kuɗin ruwansa. Ka koye su sosai. Sanin yadda abu yake tafiya daban, cin sa daban, kuma mutanenmu da ke gudun riba sun fi kowa buƙatar dillalin da ya fahimci takardun.

Inda nake so ka zauna ka daɗe shi ne ɓangaren doka, domin a nan ne abin da ka taso kana gani a gida zai yaudare ka. Dillalinmu na nan yana tsakiya ne, ya lallashi wannan, ya lallashi wancan, ya karɓi la'ada ta ko'ina, kowa ya yi masa godiya. A can kuwa dole a san wa kake wakilta tun farko, a rubuce, a takardar da jiha ta tsara. Wanda kake wakilta yana da haƙƙin biyayya da riƙe sirri a kanka. In mai gida ya ce maka zai iya sauko da farashi, ba ka da ikon raɗa wa mai saye, ko da ɗan garinku ne. Wakiltar ɓangare biyu a ciniki ɗaya ba ta halatta sai dukansu sun sani sun sa hannu. Tambayoyi da yawa daga nan suke fitowa, kuma amsar da ta yi kama da kirki sau da yawa ita ce kuskure.

Haka dokar hana wariya a harkar gidaje, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King. Ta hana bambanta mutane saboda launin fata, addini, ko ƙasar asali, daga baya aka ƙara jinsi, da masu yara, da masu naƙasa. New York ta ƙara nata, har da hana ƙin mai haya don gwamnati ce ke taimaka masa da kuɗin gida. Ka lura da kyau, don jarrabawarka ta gaske ba a takarda take ba. Wani Alhaji zai same ka bayan sallar Juma'a ya ce, "Abba, gidan nan nawa Musulmi kaɗai nake so a ciki." Dole ka ba shi haƙuri ka ƙi. Kai ma da kanka ba ka da ikon karkata baƙo zuwa wata unguwa don ka ga irin mutanensa ne a can. Shi zai faɗi inda yake so, kai ka nuna masa abin da ke akwai. A 2019 jaridar Newsday ta fallasa yadda dillalai a yankin Long Island na jihar New York ke yin irin wannan, bayan ta tura mutane a ɓoye suna neman gida. Abin ya kai ga majalisar jiha, aka tsaurara horo da hukunci.

Dokar haya ma ka manta da tamu. Nan mai gida ya karɓi kuɗin shekara ba wanda zai ce uffan. Can tun 2019 kuɗin ajiya da ɗan haya ke bai wa mai gida a matsayin jingina ba ya wuce hayar wata ɗaya. Kuma tun watan Yuni na 2025, a cikin birnin New York, in mai gida ne ya ɗauki dillali shi zai biya shi, ba ɗan haya ba. Wannan ya taɓa aljihun sababbin dillalai, don da haya galibi ake farawa.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka ajiye aikinka. Cin jarrabawa ba ya ba ka lasisi sai wani babban dillali mai ofis ya yarda ka zauna a ƙarƙashinsa, kuma ba albashi zai ba ka ba. Sai ciniki ya faɗa za ku raba la'ada, harajinka kuma kai za ka ware da kanka. Ana iya yin watanni ba a ga ko dala ba. Ka fara zagaya ofisoshi tun kana karatu. Kada ka bi wanda ya fi ba ka kaso mai tsoka. Ka nemi wanda zai ɗaga waya in ka kira shi kana tsaye gaban kwangilar da ba ka gane ba. Bayan shekara biyu za ka sabunta lasisin da ƙarin karatun awa 22 da rabi, to ka sa kuɗinsa a lissafi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka turo hotunan yaran. In ka sa ranar jarrabawar ka sanar da mu, mu taya ka da addu'a. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba da sa'a.

Mahaifinka.