Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Shan Magani da Gina Rumfar Duba Lafiya

Assalamu alaikum. Wannan bayani ne daga kwamitin aiki zuwa ga mai girma Dagaci, masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, da duk wanda ya ba da kuɗinsa ko ƙarfinsa. Aikin da aka ɗora wa kwamiti ya kammala, an kuma gudanar da taron duba lafiya na kyauta a wurin.

Kowa ya san yadda aka shiga. Cutar korona ta shigo Najeriya a ƙarshen Fabrairun 2020, ta bayyana a Kano cikin Afrilu, aka kulle gari. Ko bayan an buɗe, mutanen ƙauyuka da rugage ba su koma asibitin ƙaramar hukuma ba, wasu don tsadar mota, wasu don tsoron a ce suna ɗauke da cutar. Awon ciki ya yi baya, rigakafin yara ya yi baya, masu hawan jini suka koma sayen magani a kemis ba tare da awo ba. Ma'aikatan lafiya sun yarda su zo har gida, amma da sharaɗi ɗaya: ba za su tara jama'a a rufaffen ɗaki ba. Wannan sharaɗin ne ya tsara duk abin da aka gina. Iska ta ratsa, mutum ya shiga ta wata ƙofa ya fita ta wata, kada mai shigowa ya yi karo da mai fita.

An fara a watan Fabrairun 2021, aka gama kafin azumin da ya kama a tsakiyar Afrilu.

Tsohon ginin ɗaki uku ne da baranda. Bangonsa lafiya lau, rufin ne ya mutu. Gara ta cinye katakon, iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas ta ɗage kwanon kusurwa ɗaya, jemagu kuma suka mayar da cikin silin gidansu. Kafin a sauke silin sai da aka yayyafa ruwa, leburori suka ɗaura takunkumi, domin ƙurar busasshen kashin jemage tana shiga huhu. An sa sabon katako, an shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, har da bakin da zarto ya yanka, don ta nan gara ke samun hanya. An ɗaure kowace rafta da langa-langa a jikin bango. Tsohon rufin ƙusa kawai ke riƙe da shi, shi ya sa iska ta yi wasa da shi. Kwano bandir huɗu ya shiga nan.

Tagogi su ne suka fi cin lokaci. Na da ƙanana ne, santimita 60 kowane gefe, kuma duk a bango ɗaya suke, iska ta shiga ba ta da mafita. An faɗaɗa su zuwa santimita 120, aka fasa wasu a bangon da ke fuskantarsu. Fasa taga a tsohon bango ba a yi masa gaggawa: sai an fara buɗe gurbin linta, a sa rodi mai milimita 12, a zuba kankare, a ba shi mako guda, sannan a fasa ƙasansa. Wanda ya fara daga ƙasa zai ga tsaga ta haura har rufi. An sa ƙarfe da ragar sauro, ba a sa gilashi ba, tunda dai a buɗe ake son su.

Rumfar ita ce sabon gini. Tsawonta mita 12, faɗinta mita 6, ba bango ko ɗaya. Ginshiƙai goma ne na bututun ƙarfe mai inci uku, tsakanin kowane biyu mita 3, kowanne an binne shi santimita 60 cikin kankare, an kuma yi masa waldar guntun rodi a gindi don kada iska ta zare shi. Gaba ya fi baya tsayi da rabin mita saboda ruwan sama ya gangara bayan fili. Kwano bandir biyar ya rufe ta. Wasu dattawa sun so a zagaye ta da bulo ko da rabin tsayi ne, saboda sanyin hunturu da kuma sutura ga mata. Maganarsu tana da hujja, amma kwamiti ya zaɓi zana da ake ɗaurawa a gefen arewa maso gabas a cire idan an gama. Bango idan ya tashi, ya tashi ke nan.

Daɓen rumfar kaurinsa santimita 10, a kan buhun siminti ɗaya, yashi kwano shida, tsakuwa kwano goma sha biyu. Ya ci buhu 33. A nan aka sami matsala. Ɓangaren yamma an zuba shi da rana tsaka cikin zafin Maris, tankar ruwa kuma ba ta zo ba washegari, sai saman ya bushe kafin cikin ya kama, ya yi tsaga kamar ƙasan fadama a rani. An sassare wurin aka sake, wannan karon da asuba, aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Sakewar ta ci ƙarin buhu shida, ga shi farashin siminti ya tashi a daidai lokacin. A kan daɓen an zana da'ira da jan fenti, tazarar mita biyu-biyu, layi uku, kowane layi mutum shida. Mutum 18 ke nan a zama ɗaya, mace da goyonta a matsayin mutum ɗaya. Sauran suna jira a inuwar darbejiya da katin lamba a hannu. An yi gangare maimakon matakala, kowane santimita ɗaya na tsayi da 12 na tsawo, saboda keken guragu da tsofaffi.

Wurin wanke hannu yana bakin ƙofar shiga, yadda ba mai wucewa bai bi ta kansa ba. Tanki ne mai lita 2,000 a kan dakali mai tsayin mita 2. Cikakken tankin nan nauyinsa tan biyu ne, don haka da bulo mai inci tara aka gina dakalin, aka cike ramukansa da kankare. Kan famfo huɗu ne, biyu a ƙasa-ƙasa don yara. Sabulu ake amfani da shi, an huda shi an rataye da igiya. Ruwan kulorin na goge tebura da benci ne, kuma ga awonsa ga mai kula da wurin: bilicin kanti mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, kofi ɗaya a ruwa kofi 34 don goge-goge, kofi ɗaya a ruwa kofi 6 idan jini ko amai ya zuba. Kullum ake haɗa sabo, na jiya ya rasa ƙarfinsa. Ramin da ruwan wanki ke shiga da farko ya yi kaɗan, ƙasar wurin laka ce, ba ta shan ruwa da wuri, sai ya tumbatsa ya kwanta a hanya. An zurfafa shi zuwa mita ɗaya da rabi har aka tarar da rairayi, aka cika shi da fasassun bulo.

Masai biyu aka gina, na maza da na mata, sama da mita 30 daga rijiya, da bututun iska mai raga a baki don ƙuda. Akwai kuma ramin ƙona shara a can ƙarshen fili, an kewaye shi da waya. Allura ba ta shiga wannan ramin. Tana da kwalinta na musamman, ma'aikata ke tafiya da shi.

Ranar taron ta nuna abin da zane bai nuna ba. Na'urar auna zafin jiki ta goshi ba ta faɗin gaskiya a cikin rana: mata da suka tako daga nesa ɗauke da goyo sai ta riƙa nuna suna da zazzaɓi. Nan take aka kafa 'yar rumfar zana a bakin ƙofa, mutum ya huta minti biyar kafin a auna shi. Wanda ya kai digiri 38 ko yake tari, ana bi da shi ta bayan gini zuwa ɗaki na uku, wanda aka toshe ƙofarsa ta ciki aka fasa masa ta waje. Ɗaki na farko na awon ciki ne. Na tsakiya, da ya fi sanyi don ba ya jingine da bangon yamma, aka ba masu rigakafi, tunda a akwatin ƙanƙara ake kawo allurar daga ƙaramar hukuma, kuma dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8. Har da ta korona ta AstraZeneca, wadda ta iso ƙasar a farkon Maris 2021. Awon hawan jini da na sukari, da auna damtsen yara da zaren awon tamowa mai launi uku, duk a rumfa aka yi su. Yaron da damtsensa ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa ja, an rubuta masa takardar zuwa cibiyar kula da tamowa.

Da damina ta kankama, kwalara ta ɓarke a jihohin Arewa da dama, Bauchi, Kano da Jigawa na ciki, sai tankin da masai biyun suka koma aiki kullum maimakon ranar taro kawai. Wannan ya sa ruwa ke ƙarewa da wuri, kuma har yanzu 'yan garuwa ke cika tankin.

Abin da ya rage guda uku ne. Ba a sa indararo a bayan rumfa ba, ruwan kwano yana zaizaye gindin ginshiƙai biyu na kusurwa, ya kamata a yi shi kafin damina mai zuwa. Kan famfo ɗaya ya karye, na roba ne, sai a saya a canza. Sannan akwai bashin mai walda na aikin ƙofar baya. Rasidai da littafin shiga da fitar kuɗi suna hannun ma'aji, an kuma liƙa kwafinsu a allon baranda don mai son dubawa. An miƙa makullai ga jami'ar da ke kula da ɗakin shan magani a gaban mai girma Dagaci.