Wasiƙa zuwa Kumasi a kan akun da yaro ya ƙwallafa wa rai

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da jama'ar zango baki ɗaya. Mu nan Kano sai godiyar Allah, hunturu ya fara kaɗawa. Hajiya na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko hanyar gida ta ɓace maka ne.

Saƙonka ya iso. Na ga inda ka ce ɗanmu ya tasa ka a gaba sai ka saya masa aku, irin mai ruwan toka da jan bindi, tun da ya ga wani a keji yana gaida masu wucewa. Tunda shawara ka nema, ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka saya. Tsuntsun nan yana da fahimtar da ta fi ƙarfin keji, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Mun taso muna ɗauka aku maimaita magana kawai yake yi, bai san abin da yake faɗa ba. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta shafe shekara 30 tana bin diddigin wannan zato. A 1977 ta sayi aku irin wannan a wani shago a Chicago, ta sa masa suna Alex. Yadda ta koya masa ya burge ni. Mutum biyu za su zauna a gabansa, ɗaya ya ɗaga makulli ya tambayi ɗayan mene ne wannan. In ya amsa daidai a miƙa masa makullin, in ya kuskure a hana shi. Aku na gefe yana kallo, har ya gane cewa in yana son abu sai ya kira sunansa. Kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi bakwai da siffa biyar, yana ƙirga abubuwa har shida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Sai a nuna masa abu biyu a ce, me ya bambanta su? Ya duba ya ce launi, ko ya ce siffa. In babu bambanci ya ce babu. Kuma ana kawo masa abubuwan da bai taɓa gani ba, ya ba da amsa daidai a mafi yawan lokuta. Wanda ya haddace sauti kawai ba zai iya haka ba, dole sai ya fahimci tambayar.

Na san halinka da son hujja, za ka ce ƙila alama ake yi masa. Kana da gaskiyar tambaya. An taɓa yin wani doki a Jamus mai suna Hans da aka ce ya iya lissafi, yana buga ƙafa a ƙasa har ya kai adadin amsa. A 1907 aka gano fuskar mai tambaya da motsin jikinsa yake karantawa, in mai tambayar bai san amsa ba shi ma sai ya ɓata. Tun daga nan masu bincike suke taka-tsantsan, shi ya sa a gwajin Alex ake sa waɗanda ba su suka koya masa darasin ba su yi masa tambaya.

Akwai kuma wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2020, wanda aka yi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. An koya wa akuna cewa in suka miƙa wa mutum wani ɗan ƙarfe ta taga, za a ba su abin ci. Sai aka ba ɗaya ƙarafan amma aka toshe tagarsa, aka bar wa na kusa da shi taga a buɗe ba tare da ƙarfe ba. Mai ƙarafan sai ya riƙa miƙa wa ɗan'uwansa ta ƙofar da ke tsakaninsu, alhali shi ba abin da zai samu a lokacin. In aka toshe tagar ɗan'uwan ma, sai ya rage miƙawa, wato ya san lokacin da taimakon ke da amfani. Ita kanta ƙwaƙwalwar aku ƙarama ce, amma bincike a 2016 ya nuna ƙwayoyin da ke cikinta a cunkushe suke, har yawansu kan kai na wasu birai masu babban kai.

To ka duba irin wannan halitta. A daji cikin garke yake kwana, yana da abokiyar zama da ba sa rabuwa, yana tashi nesa neman 'ya'yan itace irin kwakwar manja. Yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye. In aka kulle shi shi kaɗai, kaɗaici kan sa ya riƙa fige gashin jikinsa da baki har ƙirjinsa ya zama tsirara. Yaro kuwa, ka san shi, wata uku ya yi yawa hankalinsa ya koma kan ƙwallo. Daga nan sai tsuntsu ya zama kayan ado a tsakar gida. Hadisin matar da ta ɗaure kyanwa ai kai ka fi ni saninsa.

Sannan ƙasar da kake zaune abin ya fi shafa. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na irin wannan aku tun daga 1992, saboda kama su don sayarwa da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kogonsu. Masu kamu kan shafa danƙo a reshe, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin su kai kasuwa. A 2016 ɗin ce kuma taron ƙasashe da aka yi a Johannesburg ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya sayi ɗaya ya ba mai kamu dalilin komawa daji.

Kada dai ka kashe wa yaron gwiwa, son dabba alheri ne a zuciyar yaro. Ka saya masa tattabarai biyu, mace da namiji, ku haɗa musu akurki tare. Za su tashi su yi shawagi su dawo da kansu, za su san mai ba su hatsi, zai ga yadda uwa da uba suke karɓa-karɓa wajen kwanci a kan ƙwai. Ka ce ya riƙa lura yana gaya maka abin da ya gani, ni ma a aiko mini.

Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. In Allah ya kai mu babbar Sallah muna sa ran ganinku.

Naka amini.