Karyar da aka tsinta a titi ta shiga gasar tsallake-tsallake

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, kuma na san da yawa daga cikin masu karatu za su yamutsa fuska da jin maganar kare. Su yi mini haƙuri. Kakana maharbi ne, cikin karnukan farauta na tashi, kuma karyar da zan ba da labarinta tana da ɗakinta a bayan gida, ba ta kusantar inda muke salla. Hukuncin riƙon kare kuwa na bar wa malamai.

A gidan da ake tara karnukan da aka yasar na ɗauko ta. Barbarar yanyawa ce, ƙasusuwan haƙarƙarinta duk a waje, idan ka ɗaga hannu za ka sosa kai sai ta kwanta tana rawar jiki. Ba sai an faɗa maka ba, ka san ta sha duka. Na sa mata suna Walƙiya.

Wasan tsallake-tsallaken karnuka nake yi da ita, kuma a nan Ingila aka ƙirƙiro shi. A 1978 aka fara nuna shi a bikin karnuka na Crufts, wanda yanzu ake yi a garinmu kowane watan Maris. Ana jera abubuwa wajen ashirin a fili: sandunan tsallake, bututun da kare zai ratsa ta ciki, siririyar gada, katakon lilo, da turaku 12 da zai bi tsakaninsu yana lanƙwasa. Ba igiya a wuya, ba abinci a hannu, kuma ba ka da ikon taɓa shi. Murya da nuni kawai. Ya zubar da sanda, an rubuta maka laifi 5. Ya bi hanyar da ba ita ba, kun fita. Ba a barin kare ya shiga gasa sai ya cika wata 18, don kada gaɓoɓinsa su lalace.

Lilon nan shi ya fi ba mu wuya. Katako ne da ke sauka da ƙara idan kare ya wuce tsakiyarsa. Ƙarar farko da Walƙiya ta ji, sai ga ta ƙarƙashin mota. Malamar da ke koya mana ta hana ni ko jan igiyarta. Muka shimfiɗa katakon a ƙasa, ta ɗora ƙafa ɗaya, in ba ta gutsuren hanta. Daga baya muka sa bulo a ƙarƙashi ya riƙa motsi kaɗan. Har damina ta wuce muna kan wannan. Yau da gudu take hawa, ta tsaya cak a ƙarshen katakon, wurin da aka yi wa fenti, har ya taɓa ƙasa, sannan ta dubo ni.

Ba mu ci kofi ba, muna dai matakin farko cikin matakai bakwai na gasar. Karnukan kiwon tumaki da ake kira collie sun mamaye wasan, har sai da aka ware rukunin da ba su shiga, don mu talakawa mu ɗan sha iska.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, duk zuwana gida sai na ga yara suna jifan kare a lungu, manya na kallo suna dariya. Masu karen gadi kuma su ɗaure shi a rana da yunwa, wai don ya yi zafi. Kare mai tsoro shi ne mai cizo, kuma ba ya koyon komai. Kakana bai taɓa jin sunan Crufts ba, amma da yin fito da kuma ragowar nama yake sarrafa karnukansa, ban taɓa ganin ya ɗaga musu sanda ba.

Ina roƙon jaridarku ta tura wakili wajen tsofaffin mafarauta da suka rage, ya tambaye su yadda suke horar da kwikwiyo tun daga yaye har ya fara bin sawu, a buga mana mu karanta.

Naku,
Mai karatu daga Birmingham, Ingila