Ga masu tambayata hanyar zuwa Ingila koyar da makafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amsa wa abokan aikina a wuri guda. Tun da na baro gida, da wuya mako ya wuce wani malami bai turo mini saƙo a WhatsApp ba: "Hajiya, a nuna mana hanya mana." Wasu ma har sun fara zancen sayar da fili don biyan ejan.

Shekara 12 na yi ina koyar da yara makafi a wata makarantar gwamnati a Arewa. Na yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, na ƙaro digiri a Jami'ar Jos. Kuma ku sani, ba takarduna ne suka kawo ni nan ba. Maigidana ma'aikacin jinya ne, a kan bizarsa na biyo shi da yara.

A Ingila, kafin a damƙa maka ajin yara masu larurar gani, sai ka fara samun shaidar malanta ta ƙasar, wadda suke kira QTS, sannan ka ɗora wani kwas na dole a kan koyar da makafi. Jami'ar Bamingham na cikin masu yin sa, shekara biyu ana yi ana aiki. Gaskiya ne a watan Fabrairun 2023 an buɗe wa malaman Najeriya da Gana da wasu ƙasashe ƙofar neman QTS daga gida, amma masu lissafi da kimiyya da harsuna aka kira. Mu 'yan ilimi na musamman ba da mu aka yi rabon ba. Wanda zai zo da bizar aiki kuwa, sai ya sami makarantar da za ta tsaya masa, ga kuɗin lafiya fam 1,035 a kowace shekara a kan kowane babba. Ku buga shi da naira kafin ku kira dillalin fili. Ni dai yanzu mataimakiyar malama ce. Yarinyar da nake ƙarƙashinta na girme ta da shekara 15, tana da kirki, amma ita ke sa hannu a rahoto.

Abin da bai tsaya a bakin iyaka ba shi ne yatsuna. Ɗigo shida ɗin nan na birel, rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, ba su canja ba, injin Perkins na buga birel mai maɓallai shida shi ne dai wanda na sani. Har na ba malaman nan Ingila mamaki da na ce Najeriya ta karɓi tsarin birel na Turanci na bai ɗaya tun 2005, su kuwa sai 2011.

Aikin ne dabam. Yawancin yaran da nake gani ba makafi ba ne ɗungurungum, suna da sauran gani. Sai manyan haruffa, gilashin ƙara girman rubutu, da kwamfuta mai karanta wa yaro abin da ke kan allo. Kuma galibi ba a ware su, suna aji ɗaya da masu ido, malamin makafi ne ke yawo makaranta zuwa makaranta a mota. In ba ka iya tuƙi ba, da sauranka. Koyar da tafiya da sanda ma akwai mai yin sa dabam. A gida kuwa ni ce malama, ni ce mai sanda, ni ce mai gyaran Perkins da man keken ɗinki, ni ce mai zuwa ƙauye in roƙi uba kada ya mayar da ɗansa bara. Wani lokaci ina kewar wannan wahalar, Allah Ya sani.

Ga abin da ke hana ni barci. A makarantarmu mu biyu ne kawai muka iya lissafi da birel. Ɗaya ta yi ritaya, ni na taho. Akwai wata ɗalibata da na bari tana shirin WAEC, yarinya mai kai, wadda ke kama kuskurena da yatsa kafin in gani da ido. Yanzu ta waya nake yi mata bita ranar Asabar, in intanet ya yarda. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, amma har yau tafiyar mace ɗaya na iya rufe darasi guda.

Ba na cewa kowa kada ya tafi, ni da na tafi ba ni da bakin faɗar haka, kuma albashin da muke karɓa kowa ya san shi. Roƙona ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu shi ne su riƙa tura matasa Oyo da Jos kowace shekara, su kuma ba mai tafiya hutu ba albashi maimakon ya ajiye aiki, don ƙofar dawowa ta zauna a buɗe. Wanda ya ƙudurta tafiya, ya zaunar da wani malami wata shida ya koya masa birel kafin ya ɗauki jaka. Ni ban yi haka ba, kuma ɗalibata ce ke biya.

Wata malamar makafi,
Bamingham, Ingila.